Saƙon da Na Kai wa Mai Takaba

Daga gidanmu a Gwale zuwa gidansu a Shahuci bai fi tafiyar minti goma a ɗan sahu ba, in babu cunkoso. Amma sai da na kwashe wata biyu da rabi ina tura mata saƙo ta imel, ina zaune ina cika ina batsewa wai ta raina ni. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Ƙawata ce tun muna 'yan mata. Tare muka koyi kwamfuta a wani ɗan shago kusa da Ƙofar Dawanau, a hannun wani bawan Allah da kowa ke kira Malam, ko da yake bai girme mu da wasu shekarun kirki ba. Damo ne sarkin haƙuri. Sai in yi kuskure ɗaya sau biyar, in hau buga teburi ina zagin kwamfutar, shi kuwa ya jawo kujera ya ce mu sake dubawa tare. Shi ya koya mana rubuta manhaja, daga baya ya auri ƙawar tawa, ni ce ma babbar ƙawar amarya.

Mu uku muka gina wata manhaja da ƙananan asibitocin unguwa ke ajiye bayanan mata masu zuwa awon ciki: sunan mace, watan cikinta, sakamakon gwajin jini, ɓarin da ta taɓa yi, da duk abin da ta gaya wa nas ƙasa-ƙasa. A buɗe muka bar manhajar. Duk mai so zai iya shiga intanet ya karanta rubutun da aka gina ta da shi layi-layi, ya kwafa kyauta, ya gyara yadda ya ga dama. Bayanan matan ne kawai a kulle, kowane asibiti da nasa.

Bakina ne ya raba mu, ba zan ɗora wa kowa ba. Ta yi wani gyara da bai yi mini ba, maimakon in kira ta in gaya mata, sai na rubuta a guruf ɗinmu, a gaban kowa har da ɗaliban da ke taya mu, cewa wannan aikin 'yan koyo ne. Bayan mako guda ta kwafi manhajar gaba ɗaya, kamar yadda dokarmu ta ba kowa dama, ta raɗa mata sabon suna, ta ci gaba da tata. Malam ya zo har soron gidanmu sau biyu don ya sasanta mu, na ce masa ni ban ga laifina ba. Ya bi matarsa, to da wa zai bi? Asibitocin ma suka rabu, wasu namu, wasu nasu. Shekara uku muna haka. In sun fitar da sabon abu ba na samun sukuni sai na fitar da wanda ya fi shi. In mun haɗu a gidan biki mu gaisa da fatar baki, kowacce ta kama gabanta.

Sai Allah ya yi wa Malam rasuwa bayan 'yar gajeruwar jinya. Na je gaisuwa rana ta biyu, na saje cikin ayarin matan unguwarmu. Na durƙusa na ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, ta ce amin ba tare da ta ɗago ba, na tashi na fito. A ɗan sahu na yi kukana, don wallahi Malam ya yi mini rana. Amma gidan ban sake komawa ba.

Mako biyu bayan haka saƙo ya shigo akwatin imel da muka ware don rahoton ɓaraka, wato duk wata kafar da ɓarawo zai iya bi ya shiga manhaja. Wani mai bincike ne daga wata ƙasa, ban san shi ba, har yau ban taɓa jin muryarsa ba. Ya ce ya gano rami a manhajarmu. Akwai wani adireshin intanet da asibiti ke tura wa mace a waya don ta duba katinta, a ƙarshensa akwai lamba. In mutum ya san dabarar ya canja lambar, sai katin wata matar ya buɗe masa, babu tambayar kalmar sirri, babu komai. Na gwada da bayanan bogi da muke gwaji da su. Ya buɗe. Na sake canja lamba, wani ya buɗe.

Wanda bai san garin nan ba zai ce mene ne a ciki. Nan fa mace na ɓoye cikin fari har ga uwar da ta haife ta, sai ya fito da kansa. Wata ta yi gwajin da ko mijinta bai ji sakamakonsa ba tukuna. A ce wani ɗan zaman kashe wando ya tasa waya gaba yana buɗe katunan matan unguwa ɗaya bayan ɗaya yana yaɗawa? Aure nawa zai mutu? Mace nawa za ta rantse ba ita ba zuwa awo har ta haihu?

A aikinmu akwai ƙa'ida. Wanda ya gano ɓaraka ba ya shelanta ta. Yana gaya wa masu manhajar a asirce, ya ba su wa'adi su toshe, in wa'adin ya cika ya bayyana wa duniya, ko sun gyara ko ba su gyara ba. Shi kwana casa'in ya ba mu. Ya ƙara da cewa ramin yana cikin tsohon ɓangaren da aka rubuta tun kafin mu rabu, don haka manhajar ƙawata ma tana da shi. Ya rubuta musu ya ji shiru. Ya roƙe ni in isar musu, mu tsayar da rana ɗaya mu saki gyaran tare.

Dole ne a saki tare, ko ana shiri ko ba a shiri. Tunda komai namu a buɗe yake, ranar da na saki gyarana duk mai ido zai ga layukan da na canja, ya gane inda ramin yake, ya kuma san uwa ɗaya ce ta haifi manhajojin biyu. In na rufe tawa ƙofar ni kaɗai, na nuna wa ɓarawo tata ke nan da yatsa.

Gyaran nawa bai ci mini kwana goma ba. Na ajiye shi a gefe, na rubuta wa akwatinsu na rahoton ɓaraka, na kulle saƙon yadda babu mai iya karantawa sai wanda ke riƙe da mabuɗin akwatin. Duk bisa ƙa'ida, ban kauce ko taku ɗaya ba, don irin wannan magana ba a yin ta a waya, ba a rubuta ta a guruf. Shiru. Na sake turawa. Shiru. Na uku na tura shi da 'yar baƙar magana a ƙarshe, Allah ya yafe mini. Na san tana takaba, amma na ce a raina ai takaba ba ta hana duba imel. Na riƙa gaya wa kaina girman kai ne, ba ta son a ce ni na ceto ta.

Abokan aikina suka fara matsa mini. Suka ce mun yi iya namu, mu saki gyaranmu mu kare matan asibitocinmu, ai kowace rana muka ƙara ramin a buɗe yake. Ta wannan fuskar gaskiyarsu ce, kuma ita ke ci mini rai. Amma ɗaya daga cikinsu ya ƙara da cewa in abin ya fashe a can, asibitocinsu da ƙafarsu za su dawo wurinmu. Nan na yi masa wankin babban bargo. Na ce matan da ke cikin katunan can ba 'ya'yan mutane ba ne? Abin da ban gaya masa ba, tunanin ya riga ya gifta mini kafin shi, har ya ɗan yi mini daɗi. Shi ya sa faɗan ya yi zafi haka. Na rubuta wa mai binciken na nemi ƙarin lokaci. Ya amsa cikin ladabi cewa ramin da ya gani wani ma zai iya gani, ba zai ƙara ko kwana ɗaya ba.

Saura kwana goma sha biyu, Umma ta same ni a tsakar gida na tasa kwamfuta gaba ina ta tsaki. Ban gaya mata kan zancen ba, na dai ce akwai muhimmin saƙo da na tura wa ƙawata har sau uku ta ƙi amsawa. Umma ta ajiye tiren waken da take tsincewa ta dube ni.

"A hannunta kika tura?"

Na ce a'a, akwati ne na musamman, mai mabuɗi.

"To mabuɗin yana hannun wa?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Tun muna tare Malam ne ke riƙe da wannan akwatin. Shi ya ƙirƙiri mabuɗin, kalmar buɗe shi a kansa take shi kaɗai. Wata biyu da rabi ke nan ina rubuta wa mamaci wasiƙa, har da baƙar magana. Kuma na sani, wallahi na sani, zaɓa kawai na yi in manta, don ƙa'idar ta ba ni mafaka. Muddin ina turawa ta akwati, ba sai na je na dubi idonta ba. Umma ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi zumunci a ƙafa yake, ta tashi ta dama fura ta zuba a kwano, ta miƙo mini mayafina.

A bakin ɗakin ƙawata na tarar da Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, wadda ta tare a gidan don taya ta zaman takaba. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, tana kan tabarma da carbinta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙare mini kallo tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Au, ashe kina gari." Na haɗiye maganar, don na cancanci abin da ya fi haka.

Ƙawata na zaune a ƙasa ta jingina da gado, cikin wata koɗaɗɗiyar atamfa, babu kwalli babu lalle. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta amsa gaisuwata, idonta ya sauka kan jakar kwamfutar da ke kafaɗata, ta kawar da kai. Akwai mata biyu a ɗakin, suna tashi wasu uku suka shigo. Haka gidan takaba yake, ba a barin mai shi ita kaɗai. Na fi awa ɗaya a zaune, sirri na cina, ana ta hirar tsadar gawayi da wadda ta haihu a lungun baya. Da na ga lokaci na tafiya sai na sunkuya na tambaye ta a hankali ina kwamfutarta. Gwaggo ce ta amsa daga bakin ƙofa, ashe kunnenta garau yake. Ta ce tana ƙarƙashin gado, kuma a nan za ta zauna sai an fita takaba, mai takaba ko madubi ba ta kallo balle wannan abin.

Harshena ya yi ƙaiƙayi. Islamiyya ɗaya muka yi da ƙawata, mun san babu wannan a littafi, al'adar tsofaffi ce kawai. Har na ja numfashi zan fara kawo hujja, sai na dubi fuskarta. Ba ta so in yi gardamar ba. Ba dokar Gwaggo ce ta rufe kwamfutar ba, ita ce ba ta iya buɗewa, don duk inda ta taɓa a ciki hannun mijinta za ta gani. Na rufe bakina. Da wuya in na taɓa yin haka a rayuwata kafin ranar.

Da aka kira la'asar baƙin suka watse, Gwaggo ta fita alwala. Na bi ta tsakar gida, na riga ta ɗaukar buta na tsuguna ina zuba mata ruwa. Na tuna tun muna yara an san ta da ungozomanci, rabin 'ya'yan unguwarsu a hannunta suka faɗo. A ƙa'idarmu ko ƙyas bai kamata in gaya mata ba. Amma ita ce ƙofar, babu wata hanyar.

Na ce, "Gwaggo, ɗakin da ake ajiye sirrin masu ciki ne aka bar tagarsa a buɗe. Nawa ɗakin na san yadda zan rufe, nata kuwa ita kaɗai ke da iko. Saura kwana goma sha biyu kowa ya sani."

Ta tsaya da wanke hannun. "Matan sun sani?"

Na ce a'a.

"To kar su sani sai an rufe."

Ta ƙarasa alwalarta a nitse. Sannan ta ce ita shekara da shekaru tana shiga ɗakunan mutane, abin da idonta ya gani da za ta faɗi ɗaya tak da unguwa ta tashi, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ko yadda tagar take ba ta tambaye ni ba. Bayan mun yi salla ta durƙusa da kanta, da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta jawo kwamfutar daga ƙarƙashin gado a naɗe cikin zani, ta ajiye gaban ƙawata. Ta ja tabarmarta waje, ta saki labule.

Muka rage mu biyu. Duk jawabin da na shirya a ɗan sahu ya gudu. Na ce mata ta yafe mini. Ta tambaye ni wanne daga ciki, har gefen bakinta ya ɗan motsa. Na ce duka, tun daga kan maganar guruf.

Ta daɗe tana shafa zanin da ke naɗe da kwamfutar. Sannan ta ce, "Kullum Malam yana gaya mini za ki zo da ƙafarki, kar in rufe ƙofa. Bai dai ce sai bayan ransa ba."

Na yi kuka, ita ce ma ta riƙa ba ni haƙuri, ni da na zo gidan mutuwa. Da na nutsu na yi mata bayanin ramin. Kafin in kai rabi ta ɗaga mini hannu, ta warware zanin, ta kunna kwamfutar. Cikin minti kaɗan ta gano wurin, har ta nuna mini wata hanya ta biyu da za a iya bi a shiga, wadda ni da mai binciken duk ba mu gani ba. Wannan ita ce wadda na kira 'yar koyo a gaban jama'a. Gyaran da nake ta taƙama da shi wata biyu, ashe rabin rami na toshe.

Gyarana ba zai shiga manhajarta kai tsaye ba, shekara uku sun sa kowacce ta yi nata reshen. Dole ta rubuta nata, ni ma in sake nawa. Kullum bayan azahar sai in hau ɗan sahu da kwanon furar Umma, mu zauna a ƙasa, kwamfuta biyu a kan tabarma, in wuta ta ɗauke mu lallaɓa da abin da ya rage a batir. Gwaggo na waje tana tare baƙi. Ba ta taɓa yi musu ƙarya ba, cewa take yi mai takaba tana da uzuri, su zauna su gaisa da ita, ita za ta isar. In kuwa ta kama mutum da hira, sai ya manta wurin wa ya zo.

Hali zanen dutse. Rana ta huɗu na leƙa aikinta na ga yadda ta jera wasu abubuwa, kafin in ankara na ce wannan wane irin kwamacala ne. Sai na dafe bakina da hannu biyu. Ta dube ni, ta dubi hannuwan, ta fashe da dariya har da riƙe ciki, irin dariyarta ta da mai ƙarewa da tari. Gwaggo ta yi gyaran murya daga bayan labule, wai mai takaba ba ta ɗaga murya. Muka yi tsit kamar 'yan aji ɗaya, kafaɗunmu na rawa. Daga baya Gwaggo ta gaya mini tun ranar rasuwar ba ta ji wannan sautin a gidan ba, da ta ji shi sai da ta share ido da bakin mayafinta.

A cikin kwanakin ne ƙawata ta buɗe sabon akwatin rahoto da sabon mabuɗi, ta damƙa kwafinsa ga mutum na biyu a cikin masu taya ta, ni ma na yi haka a namu. Muka rubuta a shafukanmu biyu cewa duk wanda ya kawo rahoton ɓaraka ya ji shiru har mako guda, ya tuntuɓi ɗaya ɓangaren. Muka gaya wa mai binciken hanya ta biyun da ta gano, muka tsayar da ƙarfe goma na safiyar ranar da wa'adi zai cika, shi kuma ya ce zai saki bayaninsa bayan azahar. Asibitoci muka aika musu cewa ranar kaza da ƙarfe goma kowa ya kasance kusa da kwamfutarsa, akwai sabuntawa ta dole. Ba mu faɗi dalili ba.

Akwai abu ɗaya da muka kwashe kwanakin nan muna zagaye shi. Manhaja tana ajiye tarihin wanda ya rubuta kowane layi. Layukan da ramin ke ciki Malam ne ya rubuta su, tun lokacin da muke rawar jikin kai wa asibitinmu na farko, kuma ni ce na tasa shi gaba da mita cewa ya yi sauri. A samansu ya bar ɗan bayani, irin wanda kwamfuta ba ta karantawa, don mutane ake rubuta shi. Da Hausa yake rubuta nasa, yadda yake magana. Ya ce: "Wannan na wucin gadi ne. Zan dawo in sa masa kulle, in sha Allahu." Ni a nawa na goge shi tun makon farko, da sauri, kamar mai cire ƙaya. Ita kuwa ta canja duk abin da ke ƙasansa, ta bar layin nan ɗaya a tsaye. Na gani, ta kuma san na gani.

Ranar da sassafe na iso, ko karyawa ban yi ba. Muka sake gwada komai, hanya ta farko a rufe, ta biyu a rufe. Sanarwar da muka rubuta tare ba ta kama sunan kowa ba, cewa muka yi kuskure ne da muka yi tun muna tare. Goma saura kwata na ce mu shirya. Na duba na ga ta koma kan layin, hannuwanta a cinya. Goma saura goma tana nan. Saura biyar tana nan. Wayata ta fara haske, abokan aikina ne ke tambaya ko lafiya. Zuciyata ta fara tafasa yadda ta saba, matan asibiti nawa ke jiran wannan minti, ga bayanin mai bincike na tafe bayan azahar. Na danne. Na matsa kusa da ita na ce ta bar shi kawai, ba ya cutar da komai, kwamfuta ma ba ta ganinsa.

Ta girgiza kai. "Duk wanda ya karanta zai zaci har yanzu ba a sa kullen ba. Shi ya koya mana kar mu bar bayanin da ya daina zama gaskiya."

Na ce ai ba ɓacewa zai yi ba, yana nan cikin tarihi, duk ranar da ta so za ta buɗe ta gani. Ta ce ta sani. Na ce ko in goge mata? Ta ce a'a. Ta ɗora yatsa, ba ta share layin gaba ɗaya yadda muke yi ba, harafi-harafi ta bi shi daga ƙarshe, tana karantawa da leɓenta, har ya ƙare. Ta ajiye gyaran. Ƙarfe goma ta wuce da minti biyu.

"Ƙirga mana," in ji ta.

Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, muka danna tare. Muka zuba ido har allunan kwamfutocin biyu suka nuna gyaran ya tafi. Sai ta ture kwamfutar gefe, ta kifa kanta a cinyata ta saki kuka, irin wanda ke fitowa tun daga ciki. Gwaggo ba ta yi gyaran murya ba.

Aiki bai ƙare ba, sai kowane asibiti ya sabunta kafin azahar. Na bar hannu ɗaya a bayanta, da ɗayan na riƙa kira, nawa asibitocin da nata, ɗaya bayan ɗaya, ina jira a kan layi har su ce sun gama. Duk suka yi, sai wata babbar nas a wani asibitinsu can wajen Ƙofar Dawanau. Ta gane ni. Ta ce ba ni ce ta ɗaya ɓangaren ba? Ita ba za ta taɓa komai a kwamfutar asibiti da maganata ba, ta san abin da ke tsakaninmu, in ba dabara ba ce in ba ta mai manhajar ta ji daga bakinta. Gaskiyarta ce, da ni ce ma haka zan yi. Na ce mata tana nan kusa da ni amma ba za ta iya magana yanzu ba. Ta ce to ita ma ba za ta iya sabuntawa yanzu ba.

Ƙawata ta ɗago, fuskarta sharkaf, ta karɓi wayar daga hannuna. Muryarta a dishe ta ce, "Sista, ni ce. Ki yi abin da ta ce. Maganarta maganata ce."

Ta miƙo mini wayar, ta mayar da kanta inda yake.